Basiratu, Wadda Ta Ƙi Rubuta Lamba Ta Sha Biyu

Kafin marasa lafiya su cika inuwar dogon yaro, Basiratu ta riga ta buɗe ɗakinta a ƙuryar gidan likita, inda ba a jin komai sai motsin takarda. Ba ta allura, ba ta ba da magani. Katin kowane majinyaci ke zuwa gabanta, ta karanta abin da manjo, babban ma'aikacin jinya, ya gano, ta ba cutar lambarta, ta shigar a na'ura. Shekara ashirin da shida ke nan. Mutanen ƙasar Filinge da yawa ba su san fuskarta ba, ita kuwa ta san ciwonsu tun suna goye.

Wata bazara katuna suka riƙa zuwa da magana ɗaya: ciwon goshi, zazzaɓi, hanci a toshe. Sinizit ke nan, kumburin kogon hanci, lambarsa J01. Ta rubuta ta sau goma sha ɗaya cikin mako biyu, sai hannunta ya tsaya. Duk daga tunga ɗaya suke, gabas da Tabla. An ce su dawo bayan kwana biyar, ba wanda ya dawo. A gefen kati biyu kuma an rubuta cewa wuya ya ƙage.

Da ta nuna wa manjo damuwarta, ya ce, "Malama, aikinki lamba ne."

Ta ce, "Shi ya sa ba na sa ta ƙarya."

Ran Lahadi ta hau babur ɗin Mamane mai kabu-kabu, wanda ya ba ni sauran labarin. Da rana tsaka suka isa. Ba daka, ba hayaniyar yara. Turame a kife, awaki a ɗaure ba ruwa. Bayan rumbuna ga sababbin kaburbura, biyu gajeru. Tsohuwa ɗaya ce zaune bakin hanya tana kallon inda suka ɓullo, kamar mai jiran baƙi. Tabawa ce, uwar 'yan borin tungar.

Kafin su yi sallama ta ce, "Ke ta mai rubuta mu? Sha ɗaya kinka ƙidaya. Sha huɗu na, ɗiyata. Ukku ba su kai gare ku ba."

Mamane ya ce ko manjo ba a gaya wa adadin ba.

Tsohuwar ta ce, "Kwana ukku muna kiɗan goge, mun tambayi masu abu, iskokinmu. Sun ce ba su na ba. Tahi ki hwaɗa ma naku."

Basiratu ta koma ta jera katunan gaban babban likita, ta ƙi tashi sai da aka tura mota. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayan mutum biyu: sanƙarau ne. Cikin mako aka fara rigakafi a tungayen yankin, Tabawa ce ta fara miƙa dantse. Manjo ya gyara katunan da hannunsa. Har yau Basiratu ba ta san yadda tsohuwar ta san ƙidayarta ba, kuma ba ta tambaya.

Ke ce mai ganin mutum a bayan lamba, Basiratu. Yaran tungar nan suna lakkol yanzu suna karatu, ba su san sunanki ba. Ƙarshen watan nan za ki aje aiki, mun gode, Allah ya saka miki. Ku da za ku hau kujerarta, in abu bai kwanta muku ba, ku tashi ku je ku gani.