Hannun da Mota Ba Ta Ji

Shekara talatin da ɗaya Baba Sannu ya yi yana tuƙi a kamfani guda, kuma ba a banza abokan aiki suka laƙaba masa sunan ba. Riƙon ƙwai yake yi wa sitiyari, yatsu uku ta hagu, uku ta dama, mota na tafiya ɗoɗar. Kwatsam aka sayo sababbin motoci biyu masu daidaita kansu a layin titi, aka ba shi makullin guda ya riƙa kai mahaifiyar mai kamfani asibiti da unguwa.

Nan takaici ya fara. Da ya hau miƙaƙƙiyar hanya sai motar ta kama tsuwa, hoton hannaye biyu ya fito a allo, wai ya riƙe sitiyari. Alhali yana riƙe da shi. Ashe ita sai ta ji an ɗan murɗa take yarda akwai mutum. Ga ta da tsegumi, kowane gargaɗi sai ta aika ofis.

Ƙarshen mako manaja ya kira shi, ya juyo masa da kwamfuta.

"Baba, sau arba'in da bakwai ka saki sitiyari. In aka ƙara, makulli za ka ajiye."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa saki ba."

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba."

A wurin ajiye motoci Dogo, direban ɗaya motar, ya ja shi gefe ya nuna masa gorar ruwa da ya cusa a sitiyarinsa.

"Nauyinta take ji, ta ɗauka hannu ne. Ni har waya nake latsawa, kuma takardata fes."

Baba Sannu ya dubi gorar, duk maiƙon yatsu.

"Da rayukan mutane a bayanka?" Ya tofar da yawu ya wuce.

Tun da ba zai yi wannan ƙazantar ba, sai ya koya wa hannunsa abin da ya shekara talatin yana hana shi: jim kaɗan ya fizgi sitiyari, jim kaɗan ya sake fizga. Duk fizga sai ya ja tsaki a ransa. Tsuwa ta ɗauke. Manaja ya tara direbobi ya yaba wa mutum biyu, shi da Dogo, har da tafi. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba don baƙin ciki.

Bayan mako biyu ya dawo da tsohuwar daga asibiti. Yana ciro jakarta daga bayan mota ya ji tana ce wa ɗanta a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa:

"Mutumin kirki ne, amma a nemo min wani. Hannunsa ya fara rawa, duk hanya a tsorace nake."

"To, Mama," in ji mai kamfani.

Baba Sannu ya ajiye jakar, ya ƙarasa ya miƙa makullin. Hannun ko rawa bai yi ba.