Yatsan Uwar Dalma

A ƙarshen layin haɗa allunan lantarki, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, nan teburin Uwar Dalma yake. Allunan koraye ne, ba su fi tafin hannu ba, su ake sakawa cikin mitar wuta. Duk wanda injin gwaji ya ƙi, sai a jefa shi a jan kwando a kawo mata. Ta narkar da dalmar da ta zauna a karkace, ta sake liƙawa, allo ya farfaɗo. Tun tana budurwa take wannan aiki, har hayaƙin dalma ya bar mata tari, kujerar kuma ta lotsa daidai zamanta. Da teburin nan ta aurar da ƙannenta, da shi take sayen maganin maigidanta tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Idon ne ya fara ja da baya. A gida 'yarta ke zura mata zare a allura. A wurin aiki, ko da gilashin ƙara girma, siraran ƙafafun ƙananan kayan da ke kan allo sai su cakuɗe mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yanke kan safar hannunta, ta riƙa bin liƙin da yatsa: inda ya yi sumul ya kama, inda ya yi kaushi ta sake.

Doguwa, mai teburin kusa, ta gani. "Yaya, gyara kike yi ko tausa?"

"Ke dai ji da naki. Rabin kwandon nan ɓarnarki ce."

Da mitoci suka fara dawowa daga kasuwa a mace, kamfani ya ɗauko sabuwar injiniya don ta rage ɓarna da abin da gyara ke ci. Yarinya ce mai ladabi, sa'ar 'yar Uwar Dalma. Ta daidaita zafin tanda, ta sa ana goge farantin shafa dalma akai-akai, jan kwando ya daina cika. Amma mitoci ba su fasa dawowa ba, kuma duk wadda aka buɗe, allonta ya taɓa bi ta teburin ƙarshe. Tsatsa ce fara-fara a kan liƙin, irin wadda gishirin gumi ke haifarwa bayan watanni.

Wata safiya injiniyar ta jawo kujera ta zauna a gefen Uwar Dalma. "Mama, mu ga hannunki."

Ta juya safar, ta ga kan yatsa a waje, ya yi kanta. Ta sa wani allo a ƙarƙashin gilashi. "Wace ƙafa ce ba ta kama ba?"

Uwar Dalma ta duba, ta sake dubawa. Yatsan ya miƙe da kansa, ta janye shi.

"Bari in taɓa, 'yata."

"Taɓawar ce ke kashe su, Mama."

Ba a kori Uwar Dalma ba. An mayar da ita ɗakin kwali, inda ake wuni a tsaye ana ɗura kaya a kwalaye, albashin kuma bai kai na da ba. Maganin maigida ya koma yau a sha, gobe a tsallake. Teburin aka ba Doguwa.

Da Uwar Dalma ta je ɗaukar kofinta, Doguwa ta kasa ɗago kai. "Yaya, kujerar nan taki ba ta karɓe ni ba."

"Za ta karɓe ki. Ki dai riƙa hutar da idon, ki kalli taga."

A ɗakin kwali, allunan suna isowa a rufe cikin leda mai kauri. Wani lokaci takan tsinci yatsanta yana bin liƙin ta saman ledar, amma ba ya jin komai.