Motar Baba a Hanyar Zungur

Da Baba ya rasu na dawo Bauchi da zama, motarsa kuma ta faɗo hannuna, don ni kaɗai na iya tuƙi a gidan. Tsohuwa ce tukuf, ƙofar direba sai an ɗaga ta take rufuwa, amma ƙamshin turarensa na nan a kujeru. Ban taɓa bin shi gonarmu ta Zungur ba, ina can wani gari wurin aiki. Da kwaso hatsi ya dawo kaina, a but ɗin bayan motar nake zuba buhuna, don ba na son ƙura ta taɓa kujerun nan.

Tun kakar farko ta fara min wulaƙanci. Zuwa lafiya lau. A dawowa kuwa, da na taka totur sai ta cije, ta fizga, injin ya kama tari, salansa na harbi. 'Yan acaɓa su wuce ni suna waiwaye. Na sha tsayawa gefen titi ina dukan sitiyari kamar shi ya yi min laifi.

A gidanmu ba a kai mota gareji da datti. Sai na sauke kaya, na share, na wanke ta tas, sannan na kai wa bakanikenmu a wajen Ƙofar Dumi. Ya buɗe bonet, ya ja totur da hannu, mu zagaya gari, ko gezau ba ta yi.

"Yallaɓai, wannan ai lafiyarta ƙalau," in ji shi.

Duk da haka ya canza fulogi. Na dawo, ya canza wayoyinsu. Na sake dawowa, aka wanke kafireta. Wani bakaniken ya ce man 'yan bumburutu ne. Wani kuma ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙafata ce ba ta iya totur ba.

Yayana ya gaji. Ya ce in ta kuskura ta tsaya da Inna a hanya, sayar da ita za a yi. Ai kuwa ta tsaya, da tsakar rana, but cike da dawa, mahaifiyarmu a gaba tana fifita da gefen mayafi. Na yi roƙo, na yi faɗa, ba wanda ya saurare ni. Wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal ya saya, bayan na gaya masa ciwonta ban ɓoye komai ba.

Shi kuma, kamar yadda masu ɗaukar kaya ke yi, ya kai ta wurin mai walda aka ƙarfafa ƙasan but. Ba a daɗe ba na gan ta a titi, maƙare da buhuna, tana gudu ba tari ko ɗaya. Raina ya ɓaci sosai. Na koma gida na zazzage wa Inna.

Ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai babanku bai taɓa sa buhu a bayan nan ba," ta ce. "A kujera yake jerawa. Ya ce ƙarfen ƙasan ya ruɓe, in ya ji nauyi sai ya danne tiyon mai."

"Haba Inna! Me ya hana ki gaya min?"

"Wa ya tambaye ni? Kullum ku kuna fulogi, fulogi. Ni na san ciwon ɗaya ne? Kuma na ga kujerunsa kake tattali, shi ya sa ban ce ka ɗora musu buhu ba."

Na tashi na fita ƙofar gida. Inda motar ke kwana ba komai sai tabon baƙin mai a ƙasa.