Jirgin Yaya da Na Kankare Ni Kaɗai

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni mai fentin gidaje ne a Abuja, kuma ba yabon kai ba, duk inda na yi aiki an san hannuna. Na bar Yauri tun ina saurayi don ba na son ruwa, ba na son ƙarnin kifi, na bar wa yayana sana'ar gidanmu. Jirgin katako gare shi mai inji, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Yelwa da Warra ranakun kasuwa. Mu biyu kaɗai Inna ta bari a duniya. Da aka bugo mini waya cewa Allah ya yi masa rasuwa, kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da 'ya'yansu mata, aka raba gado, jirgin ya faɗo a rabona. Iyalina suna can Abuja saboda makarantar yara, ni kuma na tare ni kaɗai a gidan da muka tashi.

Ba abin da ya fi mini wuya kamar zuwa bakin ruwa. Duk wanda na gaisa da shi yana da labarin Yaya: ranar da ya tsamo wata tsohuwa da buhun geronta, yadda yake faɗa da inji kamar yana jin magana. Su yi dariya, su share hawaye, ni kuwa ina zaune kamar baƙon da ya zo gaisuwa, ba ni da labari ko ɗaya da zan sa a ciki. Gaskiya kishi na ji, haushinsu ya kama ni ba su yi mini komai ba. Sai na dubi jirgin yana ɗaure a gefe, fentinsa ya ɓaɓɓare, ga facin kwalta baƙi ƙirin ko'ina. A idon mai fenti wannan ƙazanta ce. Na ce a raina ga abu ɗaya da zan yi wa Yaya wanda duk cikinsu ba mai iya yi masa.

Na nemo tarakta mai tirela, aka ɗora jirgin aka kawo mini shi har tsakar gida, aka girke shi a kan bulo. Aminin Yaya, wanda suka yi shekaru suna fita ruwa tare, ya biyo ni a kan babur. Ya kira ni da ƙanensa, ya ce jirgin katako ba ya son nisa da ruwa, balle ga bazara ta kama, kuma in gyara ne in bari a yi a bakin ruwa, don su ma masu jirage suna da wani shiri a kai. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa ni da fenti ba yau muka fara ba, na gode. Ya juya ya hau babur ɗinsa, ni kuma na sa sakata.

Zaɓen fenti kawai ya ci mini kwanaki. Na zaga kasuwa ina buɗe gwangwani ina shinshinawa, har na tsaya a kan fentin mai shuɗi mai sheƙi, da fari na jan layi a baki. Na haɗa da filar da masu gyaran jikin mota suke cike rami da ita, don ina son jikin jirgin ya fito sumul. A sana'armu ba a ɗora sabon fenti a kan tsoho, sai an kankare an kai ga asali, don haka na kama kankara. Ƙarƙashin kore na tarar da ja, ƙarƙashin ja rawaya, kowace shekara da abin da Yaya ya samu ya shafa. Tsakanin katako da katako kuma an cusa auduga da tsumma an bi da kwalta, na riƙa zaro su da ƙusa ina zubarwa. A wani wuri tsumman da na zaro ya fito da aikin wuyan wata riga da na taɓa aiko masa da salla. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, sannan na tashi na ci gaba da zarowa.

Haka na yi ta fama ni kaɗai. In sayo tuwo a leda in ci a gindin jirgin, in kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum. Wani lokaci sai in tsinci kaina ina yi wa jirgin magana, ina faɗa masa abin da ban faɗa wa mai shi ba. Aminin nan ya sha dawowa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da na ji ƙarar babur ɗinsa sai in ajiye samfefar da nake goge katako da ita in yi lamo har ya gaji ya tafi. Rana kuwa tana dukan katakon nan tsirara, ba fenti ba inuwa. Da tsakar rana nakan ji ya yi ƙas, in ɗauka ba komai. Da na ga haske yana ratsowa ta tsakanin katakan, sai na ƙara kwaɓa fila na cike, na goge, na bi da fenti. Wallahi ya yi kyau, ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba.

Ranar da na mayar da shi bakin ruwa da hantsi, mutane suka taru suna kallo. Ana tura shi ruwa ya fara tsattsafowa ta ko'ina. Suka ce in bar shi ya jiƙu, wataƙila katakon ya kumbura ya haɗe. Ya kumbura ɗin, amma sai ya riƙa tofar da filar nan ɓalli-ɓalli, babban katakon gindi kuma ashe ya tsage tun daga kai har ƙarshe. Kafintan jirgi ya duba ya ce sai dai a ƙera sabo, a ɗauki abin da ya ɗauku. Aka jawo shi tudu. Ina tsaye aminin Yaya ya durƙusa yana shafa gefensa da tafin hannu. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce wurin da shi da Yaya suka taɓa karo da kututturen itace a cikin ruwa kusa da Warra, suka cushe ramin su biyu ruwa na kai musu ƙugu, amma ya kasa gane wurin.

A nan ne ya gaya mini shirin da na hana shi faɗa. A tsakaninsu, in ɗan'uwansu mai jirgi ya rasu, sukan jawo jirginsa tudu su taru su gyara, kowa ya sa hannu a inda ya sani, su yi masa fenti tare ana addu'a ana tuna shi, sannan su damƙa wa magajinsa. Sun ma riga sun sayi fentin, ni suke jira. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba, ya ce Allah ya jiƙan Yaya, ya tafi.

Edita, na daɗe ina juya wannan abu a raina. Na iya fenti, ban san jirgi ba, kuma na rufe ƙofa a fuskar waɗanda suka san jirgin suka san mai shi. Ga masu karatu, duk mai jirgin katako kada ya nisanta shi da ruwa a lokacin zafi, kada ya zare abin da bai san dalilin cusa shi ba. Wanda kuma aka yi wa rasuwa, kada ya ɗauke baƙin cikinsa ya kulle a gida don yana ganin shi ya fi kowa kusa da mamacin. Ni na yi, na rasa jirgin, na kuma hana mutanen kirki yin bankwana da abokinsu. Na je na ba su haƙuri sun ce ba komai, amma fentin da suka saya har yau yana rumfarsu, ba wanda ya buɗe shi.