Tsamiyar Tsibiri da Baƙin Allo

Ranar da ba ta fita raina a wannan sana'a ita ce ranar da Malam Isa ya shigo shagona a Talata Mafara da laftof cikin buhun taki. Kwamfutoci 'yan gwanjo nake sayarwa, ina kuma taɓa gyara.

Daga garin Tsibiri ya zo, ana dab da shuka. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, wagga ta ƙi tashi. Ciki akwai bidiyon Baba kafin ya rasu, yana nuna iyakar gonata da ta ƙanena. Yanzu ƙanen ya ce tsamiyar tsakiya tashi ce. In ba a ga bidiyon ba, sai gaban alƙali."

Na kunna, ta haska ta mutu. A kasuwarmu maganin wannan ɗaya ne: fomatin, wato a share komai a zuba sabo. Kwamfuta za ta tashi, amma abin da ke ciki ya tafi.

Ban share ba, saboda Madam Saratu, tsohuwar ma'aikaciyar sakatariya da ta koya mini aikin nan. Dokarta ita ce ba a sharewa sai an gwada baƙin allo, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu. Na tayar da laftof ɗin da filashi, na rubuta chkdsk don ya duba faifan ajiya ya gyara. Ya gama, ba ta tashi ba. Sai na kira Madam.

"Bello, da furfurarka har yanzu kana nemana?" Ta yi dariya. "Kayan mutumin suna nan?"

"Suna nan, Mama."

"To kwashe su tukuna. Sannan ka rubuta bootrec a baƙin allon. Lafiyarta lau, hanyar tashi ce ta ɓace mata."

Haka na yi, ta tashi. Muka buɗe bidiyon, ga tsoho da sandarsa a gindin tsamiya yana cewa, "Wagga ba ta Isa ba ce, ba ta Sani ba ce. Inuwar ku duka ce. Wanda ya yi faɗa kanta ban yafe ba."

Malam Isa ya kira ƙanensa Sani a waya, ya kara wayar a bakin laftof.

Da kaka ta yi, suka zo tare shi da ƙanen, da buhun shinkafa. Gidan Madam na kai shi. Ku masu tasowa, kafin ku share kwamfuta ku tambayi mai ita me ya ajiye a ciki.