Beryl da Zoben Ƙafar Hagu

Kafin rana ta taɓa jan gaɓar nan tamu, Beryl Hanigan ta riga ta duba lokacin cikowar teku, ta sha baƙin shayinta a tsaye, ta rataya madubin hangen nesa ta gangara bakin ruwa. Shekara ashirin da bakwai ke nan haka take yi a tashar duban tsuntsaye. In ruwa ya janye ta ƙirga masu kiwo a taɓo. In ya ciko ya koro su kan yashi, a kama wasu da raga, ta auna baki da fiffike, ta sa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafar dama, ta saki. Da la'asar a watan Afrilu kuwa tana kan gaɓa da littafinta, tana rubuta duk garken da ya tashi ya nufi arewa. In ɗari da tara ne, ɗari da tara za ta rubuta. Ba ta taɓa cike shi da ɗaya don ya yi daɗin faɗa ba.

Ni da nake tuƙa motar tashar nake ɗauko ragar na shaida wannan. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ya ce in na rubuta ba zan ƙara shan shayinsa ba. Shayin dama ba sukari.

A makonta na farko ta yi kuskuren da har yau ake mata tsiya da shi. Ta sa wa wata 'yar shila mai dogon baki zobe a ƙafar hagu, ta sake ta kafin kowa ya lura. Ta sha faɗa ranar. Amma kowace shekara sai ga tsuntsuwa mai zobe a hagu ta dawo cikin dubbai, har muka sa mata suna Bahaguwa. Sai dai hange daga nesa ba shaida ba ce. Sai an riƙe ta a hannu an karanta lambar kafin a rubuta cewa ita ce, kuma ga shekarunta. Gishiri yana ta cin zoben, ya yi siriri kamar farce. Beryl kuma gwiwa ta ƙi, ta ce bana ce shekararta ta ƙarshe.

Ranar kamun ƙarshe muka binne ragar a yashi tun da sassafe, da ƙananan igwa uku masu cilla ta. Dokar aikin ɗaya ce: ba a harbawa in akwai tsuntsu cikin taku biyu daga bakin raga, don ƙarfen gaban ragar karya wuya yake yi. Ba a kuma harbawa in ruwa ya iso, don abin da raga ta danne a ruwa ya nutse.

Muna cikin bukkar ɓuya mu uku: ni, da Beryl da akwatin harbi a cinyarta, da Des Corrigan, tsohon masunci da ke ja mana igiya. Dakta Hollis, masaniyar da ta zo daga birni, tana can kan gaɓa da oba-oba.

"Anti Beryl, ga mutuniyarki," in ji Des. "Ta zo biyan bashin faɗan da kika sha."

"Rufe baki, warin kifinka kaɗai ya isa ya tashe su."

Ita ce kuwa. Amma ba ta tsaya ko'ina ba sai daidai bakin raga, taku ɗaya, ta ɗaga ƙafar dama ta cusa baki a fiffike. Akwai igiya mai tsummoki da ake girgizawa don irin wannan. Des ya girgiza, ƙananan tsuntsayen da ke kusa suka matsa. Ita ko ido ba ta buɗe ba.

"Tsohuwa ta san wasan," in ji shi. "Halinku ɗaya wallahi."

Ruwa yana ta matsowa. Oba-oba ta yi ƙara da muryar Dakta. "Beryl, saura kamar minti uku. Kanta a duƙe yake, ragar za ta wuce ta samanta. Wannan damar ba za ta sake zuwa ba."

"Kin tabbata za ta wuce, Dakta?"

"Kusan tabbas."

"Kusan ɗin nan wuyan wa za a ɗora wa?"

Na ga babban yatsan Beryl a kan maɓallin. Na ga kumfa ta lashi yashin gaban raga. Sai ta zare wayar daga akwatin, ta naɗe ta a hannu a hankali kamar mai naɗe zare.

"A kwashe kaya," ta ce. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ke ce, Beryl, kika bar abin da kika jira rabin rayuwarki yana taku ashirin daga hannunki. Ba mai tuhumarki da kin danna, Dakta ma ta ba ki izini. Mai hannun sanyi, wadda tsuntsu bai taɓa mutuwa a tafinta don gaggawa ba. Mutane da yawa sun iya kamawa. Iya bari shi ne ba a koyarwa a makaranta.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, wani garke ya fara kukan nan da suke yi kafin tafiya. Suka jeru a taɓo suna fuskantar arewa, suka tashi. Beryl ta bi su da madubi har suka zama ɗigo. Na leƙa littafin. Ta rubuta: "Tamanin da shida. Ɗaya mai zobe a hagu. Lamba ba a karanta ba."

"Haka za ki bar shi?" in ji Des. "Kowa fa ya san ita ce."

"Kowa ya sani, littafi bai sani ba. In ta dawo a Satumba ku tambaye ta da kanku."

"In ba ta dawo ba fa?"

"To, ta tafi da ƙafafunta biyu da wuyanta."

Yanzu Beryl tana gida tana jinyar gwiwa, ta miƙa littafin ga masu tasowa. Ku da kuka karɓa, ku ji ni da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko da kwaɗayin sani ne. Ku rubuta abin da ido ya gani, ku bar gurbin abin da bai gani ba, in kuma kuka ji "kusan", ku ɗauke yatsa.

Mun gode, Anti Beryl. Allah ya sauƙaƙa gwiwa. Kujerarki tana nan kan gaɓa, na hana kowa zama a kai har Satumba.