Ƙoramar da ta sauya makwanci

Da asubar fari muka tashi daga Dogon Dutsi, ni da gwaggona, a bayan wata tsohuwar kamiyo, motar kaya, mai zuwa Tibiri. Mulkin kai ya zo, amma ramukan hanya ba su ji labari ba. A Tibiri muka sha fura ta dala ɗaya, mai kauri har ludayi ya tsaya, sannan muka taka da ƙafa wajen Geceme.

Kabarin mahaifiyarta muka je nema. A shekarar da fara ta cinye hatsi suka gudo kudu, gwaggo tana yarinya, uwar ta rasu a hanya. Abin da gwaggo ta riƙe kawai shi ne an binne ta a gwiwar wata ƙorama, inda ruwan ke lanƙwasawa, gindin giginya.

Ƙoramar ba ta da girma. Daga kan dutse take gangarowa, ta ratsa gonakin gero, ta ɓace cikin fadama. Gwaggo ta yi ta ba ni labarin yadda suke tona yashinta da ƙwarya su sha, da matan da ke zuba wa aljana Doguwa nono a bakin ruwan. Muka bi ƙoramar har ƙasa, babu gwiwa, babu giginya. Gwaggo ta zauna a kan yashi, ni kuwa tausayinta ya kama ni.

Wani manomi ya same mu a haka. Da ya ji abin da muke nema, ya ce ai ruwan ya sauya hanya tun wata babbar damina, tsohon makwancinsa ma yanzu gonarsa ce ta dawa. Ya kai mu. A tsakiyar dawar akwai ɗan fili da hauya ba ta taɓa ba, ga kututturen giginya.

"Babana ya ce kar a noma wurin ga," in ji shi. "Wata baƙuwa na kwance nan, wata rana nata za su taho."

Gwaggo ta durƙusa ta dafa ƙasar, ta faɗa masa sunan baƙuwar. Ya maimaita shi don ya gaya wa 'ya'yansa.

Washegari muka dawo gida, ƙafafuna duk sun kumbura. Abin da na koyo shi ne ruwa ya bar wurin tuntuni, amma mutanen da ba su san ko sunanta ba sun tsare mana kakata.